Ranar da Dogo Ya Ƙi Ɗaukar Wansa

Dogo ba ya kallon fuskar mutane. In ka zo ƙofar shiga kwazazzabon ka yi masa sallama zai amsa, amma idonsa na kan tumbinka da cinyoyinka, yana auna ka kamar mahauci a gaban bijimi. Aikinsa ne ya koya masa haka. Yana cikin mutum huɗun da hukumar wurin ta ɗauka don su fito da duk wanda ya shiga da ƙafarsa ya kasa fita da ita. Suna da gadon ɗaukar marasa lafiya mai naɗewa, da jakar magani, da rediyon kira na oba-oba wadda ba ta kamawa sai a inda ba a buƙatarta.

Ya tsani kwazazzabon tsana ta sani. Yakan ce dutse mai gaskiya ne, tun daga gindinsa yake nuna maka wahalarsa, in ka ga ba za ka iya ba ka juya. Kwazazzabo kuwa mayaudari ne. Da gangara yake fara maka, da sanyin safiya, kana tafe kana waƙa kana ɗaukar hoto, har ka isa ƙasa inda rafi ke gudu tsakanin duwatsu, ka tsoma ƙafa ka ce ai wurin ma ba wuya. Sai ka ɗaga kai ka ga rana ta tsaya a tsaka, bangon dutse hagu da dama ya ɗauki zafi kamar tanda, ruwan gorarka ya ƙare, kuma duk abin da ka gangara yana nan yana jiran ka hau shi. A lokacin ne ake tuna cewa akwai Dogo a duniya.

Ɗaukar gado a hawa yana da ƙa'ida. Gajere ne ke riƙe ta sama, dogo ya riƙe ta ƙasa, don gadon ya daidaita kada mara lafiya ya zame. Nauyi kuma ƙasa yake gangarowa. Inda hanya ta tsuke ba ta ɗaukar mutum huɗu, biyu ne ke ɗauka, kuma ba a taɓa yin shawarar wanda zai tsaya a ƙasa ba. Ya ɗauki 'yan kasuwa da malamai da amare, ya ɗauki wani ƙato da ya yi ta waya yana kwance a kan gadon yana gaya wa abokinsa cewa wurin ya yi kyau, lallai ya zo ya gani.

Ba a kwazazzabo ya fara riƙe ƙasa ba. Ubansu kafinta ne, kuma tun suna samari shi da wansa ne ke kai kabad da gadaje gidajen mutane. Wan, wanda duk gidan ke kira Yaya har da uwarsu, gajere ne mai faɗi da babbar murya. In an zo bene sai ya haye sama ya kama da yatsu, ya leƙo ya ce, "Dogo, ɗaga." In kaya ya isa lafiya, matar gida ta ga fuskar Yaya ce ta fara shigowa, shi take yi wa sannu. In ya gogi bango, na ƙasa ne bai ɗaga da kyau ba. Da suka girma Yaya ya gane cewa a cikin kayan ɗaki akwai wanda ba ya karya baya, ya buɗe shagon katifa, ya yi ƙiba a cikinsa. Dogo ya ci gaba da abin da ya iya.

A farkon zafin bana likita ya ɗaga hoton ƙashin bayansa a gaban fitila, ya daɗe yana kallo kamar mai neman abin yabo. Bai samu ba.

"Ka taɓa ganin igiyar guga da ta kusa tsinkewa?" in ji likitan. "To ga ta nan. Ka sake ɗaukar mutum, kai za a riƙa ɗauka har ƙarshen rayuwarka."

Matarsa ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. A ɗakinsu da ke saman bene ta ajiye masa abinci ta zauna a bakin gado.

"Baban yara, ka ji ni da kyau. In ka kwanta, ni zan riƙa juya ka, ni zan kai ka banɗaki, ni zan sauko da kai wannan benen. Ni kuwa ba hukumar da ta ɗauke ni aikin ɗaukar kowa. Ka bar wa kanka bayan nan, ko don ka ɗaure takalminka da kanka."

Shugabansu ya mayar da shi ƙofa, ya ba shi kujera a ƙarƙashin rumfar kwano. Aikinsa ya duba ruwan masu shiga, ya gaya musu su juyo kafin rana ta take. Yana gaya musu, suna cewa to.

A wata safiya da iska ta tsaya cak tun hantsi, mota ta tsaya, Yaya ya fito. Bai taɓa zuwa wurin aikin ƙaninsa ba. Nasa likitan ne ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa, shi kuma Yaya ba ya yin abu kaɗan. Ya sayi farin kambas, da hula mai faɗi, da agogon da ke ƙirga taku, da wata 'yar gora da ba ta fi ta jariri ba. Matarsa ta fito bayansa da lema.

"Kai Dogo! Ashe nan ne ofishin?" Ya kewaya rumfar da ido, ya buga kujerar da ƙafa. "Inuwa da kujera. Wallahi ka iya zaɓen wahala. Mu muna can muna fama, kai kana nan kana shan iska, a ce wai aiki."

"Ƙanina, ka ga wanka ya zama ɗan tsere," in ji matar, tana dariya. "Ni dai rakiya na yi, nan zan zauna."

Kowa a danginsu ya san yadda ake hana Yaya abu. Ba a ce masa kada ya yi. Sai a ce abin bai kai matsayinsa ba. Da Dogo ya ce, "Yaya, wannan ai hanyar 'yan makaranta ce, ba ta manya ba," da mutumin ya ɗauki hoto a bakin ƙofa ya koma mota da girmansa. Dogo ya san wannan kamar yadda ya san sunansa, har kalmomin sun zo bakinsa. Amma inuwa da kujerar nan sun tsaya masa a wuya. Ya dubi tumbin, ya dubi cinyoyin, ya dubi 'yar gorar, a gaban matar da wasu baƙi da ke ɗaure takalma.

"Ba za ka iya ba," ya ce.

Yaya ya cire hular ya sake sawa. "Me ka ce?"

"Za ka gangara. Hawowa ne ba za ka iya ba."

Ya miƙa masa babbar gora. Yaya ko kallonta bai yi ba, ya danna agogonsa ya shige, farin kambas ɗin na ƙyalli.

Matar ta naɗe lemarta ta zauna a kujerar Dogo ba tare da ta tambaya ba. "Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Gaskiya na gaya masa."

"Gaskiya? A gidanku? Yaushe aka fara?"

Rana ta hau, kwanon rumfar ya fara ƙara don zafi. Waɗanda suka shiga da safe suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, fuska ja, baki a bushe, ba mai waƙa. Ta ƙarshe wata mace ce da sanda, ta zube a inuwa ta sha ruwa, sannan ta ce akwai wani mai ƙiba kwance a bakin rafi ya yi amai, ta tambaye shi ko lafiya ya ce nazarin ruwan yake yi.

A cikin su huɗun, ɗaya matarsa na asibiti, ɗaya ya tafi da motar aiki gari. Sai abokin ɗaukar Dogo, wanda ake kira Gajere don ba a wahalar da kai wajen raɗa suna a wurin. Gajere ya saɓa gadon a kafaɗa ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya san maganar likita. Ya kuma san gado ba ya ɗaukuwa da mutum ɗaya.

Matar Yaya ta daina dariya. "Ka fito mini da shi," ta ce.

Dogo ya cika gorori ya ɗauki jaka.

Bai taɓa gangara hanyar da irin wannan fushin ba. Tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin takalmi, dutsen da ka dafa ya ƙone maka tafin hannu, ƙadangaru ma sun shige ramuka. Ba iska, sai ƙamshin busasshiyar ciyawa da ƙarar ƙwari mai shiga kunne. A kowace kwana yana duba hanyar da idon mai ɗauka: nan za a karkata, nan sai an ɗaga sama da kafaɗa, nan nauyin duka zai dawo kan na ƙasa. Yana jin bayansa na lissafin tare da shi. Ya zagi mai sayar da kambas, ya zagi mai agogo, ya zagi likitan da ya ce wa mai katifa ya yi tafiya bai ce masa ina ba. Da ya gama da su ya zo kan bakinsa, sai ya ƙara sauri.

Sun sami Yaya jingine da dutse, hular a kan ciki, riga sharkaf. Dogo ya taɓa goshinsa. Yana zufa, kuma wannan alheri ne. Wanda zufarsa ta ɗauke ya fara sambatu, shi ne ba a jira da shi.

"Ka san ni?" in ji Gajere.

"Ina zan san ka, ɗan guntun mutum? Ku sai yanzu kuka ga dama?"

"Yana zagi," Gajere ya ce wa Dogo. "Da sauransa."

Suka ja shi cikin rafin suka zaunar da shi ruwa har wuya, da kambas ɗin da komai. Dogo ya kaɗa gishiri da sukari a gora yana ba shi kaɗan-kaɗan. A hankali idon Yaya ya dawo daidai, muryarsa ma ta dawo, wadda ba wanda ya yi kewarta. Ya hangi gadon da Gajere ya jingine, ya fito daga ruwan da rarrafe, ya sa aka shimfiɗa, ya kwanta. Ya danna zanen da yatsa.

"Wannan ko soso babu. A haka kuke kwantar da mutane? Ku zo shago a yi muku abu mai kyau." Ya gyara kwanciya ya rufe fuska da hula. "To, kai guntu kama sama. Dogo, ɗaga."

Dogo ya sunkuya. Jiki ne ya sunkuya da kansa, don ya riga hankali jin kalmar. Ya kama hannayen gadon biyu, ƙarfen da ɗumi, ya ja numfashi. Wani abu ya tsarga masa daga ƙugu zuwa diddige, siriri kamar zare mai wuta. Ya tsaya a haka yana kallon tafin kambas ɗin wansa, takardar kanti ma ba a ɓare ba. Sai ya saki ya miƙe.

"Ba zan ɗauka ba."

Hular ta ɗaga. "Ban ji ba."

"Ka ji. Bayana ya lalace. Likita ya ce in na sake ɗaukar mutum na kwanta kenan."

"Baya? Kai ma har wani baya gare ka? Kana ɗaukar bare, arna da Musulmi, ka zo kan ɗan'uwanka ciki ɗaya ka tuna da likita?"

"Su ba su ce mini inuwa da kujera ba."

"To zan kwana a nan. Ka je ka gaya wa duniya ka bar wanka a rami."

Ya koma ya rufe fuska. Gajere ya zauna a kan dutse yana duba oba-oba, wadda ke ta huci ba magana. Suka jira har inuwar bangon yamma ta miƙo ta rufe hanyar hawa. Dogo ya sake taɓa wuyan wansa, jiki ya yi sanyi, bugun ya daidaita. Mutumin zai iya tafiya in ya so. Bai taɓa so ba ne, tunda akwai mai ɗauka.

Dogo ya rataya jaka, ya hau 'yan taku ya juyo.

"Ka tuna kabad mai madubi? Wanda ya faɗo a benen gidan mai shayi, Baba ya zane ni har na kwana a tsaye?"

Dogo ya ci gaba.

"Kai ka saki. Ka saki da hannu biyu don ka gyara hula, saboda wata yarinya ta leƙo ta taga. Yarinyar tana can zaune a kujerata. Bari in hau in ba ta labari, in haɗa mata da na yau, yadda ka kwanta kana roƙo a ɗauke ka kamar jariri."

"Ƙarya kake!" Yaya ya tashi zaune. "Hannunka ne ya yi gumi!"

"Zo ka faɗa a gabanta."

Yaya ya miƙe. Ya yi tangaɗi, Gajere ya tare shi, ya ture hannun ya nufo ƙaninsa da hular a dunƙule. Dogo ya bari sai da ya kusa, ya ƙara gaba.

Haka suka hau. Dogo na gaba, kullum ɗan nesa da inda hannu zai kai, Yaya na biye yana haki yana zagi, Gajere a baya da gado a naɗe yana cewa yau shi ne a ƙasa kuma bai ga abin kuka a ciki ba. In sun kai inuwa Dogo ya ajiye gora a kan dutse ya matsa.

"Sha. Ba na son muryarka ta mutu ba ka gama zagina ba."

Duk inda Yaya ya nemi zama, Dogo ya ciro wata tsohuwar magana. Keken da Yaya ya ara ya dawo da shi ba sarƙa. Ranar auren Dogo, da Yaya ya yi jawabi ya kira amarya da sunan wata. Kayan aikin ubansu da ya kwashe ya rataye a bangon shago don ado, shi da bai taɓa riƙe zarto daidai ba. Da farko Dogo ya ɗauka dabara yake yi. Kafin su kai rabi ya gane ba dabara ba ce, kuma abin da ya tara ya ishi kwazazzabo biyu.

A wurin da ya fi tsayi, inda aka sassaƙa matakala a jikin dutse, Yaya ya durƙusa. Bai zagi kowa ba. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, kai a sunkuye. Gajere ya taɓa shi ya ce har yanzu yana zufa, amma ya sauke gadon daga kafaɗa ya fara kwance igiyar a hankali, bai dubi Dogo ba. Nan ne inda hanya ba ta ɗaukar mutum huɗu ko da suna nan. Dogo ya dubi matakalar, ya dubi gadon. Saura magana ɗaya a cikinsa, wadda ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Ya sauko har ya tsaya a kan wansa, bai ɗaga murya ba.

"Da ƙafafun Inna suka mutu, ni na riƙa goya ta. In sauko da ita bene in kai ta asibiti, in hau da ita, in sauko da ita ta sha rana, in hau da ita. Har ta rasu. A nan bayan ya fara tafiya, ba a ramin nan ba. Kai ka aiko da katifa. Da sunan shagonka a jiki, manyan baƙaƙe. Ranar gaisuwa ina zaune ana nuna wa mutane ita ana sa maka albarka, kana sunkuyar da kai kana cewa ba komai."

Yaya ya daɗe a durƙushe. Sannan ya kama dutse ya miƙe, ya raɓa ta gefen ƙaninsa ba tare da ya taɓa shi ba, ya fara hawa. In an ajiye gora ya ɗauka ya sha ya ajiye. Gajere ya mayar da igiyarsa ya ɗaure.

Rana na shirin faɗuwa suka fito. Matar ta taso da gudu, Yaya ya wuce ta ya shiga mota ya rufe ƙofa. Ta dubi Dogo, ta dubi gadon da ke naɗe.

"Me ka yi masa?"

"Kin ce in fito da shi."

A gida matarsa ta ji labari tun kafin ya iso. Tana zuba abinci ta saki cokali ya faɗi ƙasa a gabansa, ta tsaya tana kallo. Ya sunkuya ya ɗauka ya miƙa mata. Ta goge shi da gefen zane ta ci gaba da zuba abinci.

Tun ranar Yaya bai yi masa magana ba. A shago yana ba masu saye labari iri biyu, gwargwadon wanda ya zo: cewa ya shiga kwazazzabo a ranar da ta fi kowace zafi ya fito da ƙafarsa, da kuma cewa ƙaninsa, wanda aikinsa ɗaukar mutane ne, ya ƙi ɗaukarsa. Duka biyun gaskiya ne, abin da ya fi ba Dogo haushi kenan.

Bayan an kwana biyu motar shago ta tsaya a ƙofar gidansu. Aka sauke katifa, mai tauri, irin wadda ake yi wa masu ciwon baya, ba saƙo ba gaisuwa. Sunan shagon na jiki da manyan baƙaƙe. Masu kawowa suka jingine ta a gindin bene suka ce iya nan aka ce su kai.

Dogo ya sauko ya tsaya a gabanta, ya auna ta da ido daga sama har ƙasa. Matarsa ta leƙo daga saman bene.

"Baban yara, kada ka kuskura."

"Wa ya ce miki zan taɓa?"

Tana nan har yau a cikin ledarta, maƙwabta na raɓawa ta gefe suna tsaki. Kullum da safe Dogo yakan zauna a matakalar ƙarshe, ya jingina da ita, ya ɗaure takalminsa, sannan ya tafi aiki.